Filin Tambayi Likita: Daga Wace Ƙwaya Ƙarin Ƙashi da na Tsoka Ke Tsirowa?

Assalamu alaikum, masu karatu. Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo a kan kumburin ƙashi ne da curin da ke fitowa a cikin nama. Mun tsamo wasu, likitocin ƙashi da na gwajin nama suka zauna suka amsa. Abin da ke nan ƙarin haske ne kawai. Mai kumburi sai ya je a duba shi ido da ido.

TAMBAYA: Ni ɗalibar aikin jinya ce. An koya mana cewa manyan rukunan ciwon daji su ne kasinoma da sakoma, wai kuma ƙashi da tsoka da kitse gida ɗaya suke a wajen sakoma. Ina haɗin ƙashi da kitse? Daga wata ɗaliba a Sakkwato.

AMSA: Malama, haɗinsu tun daga mahaifa ne. A mako na 3 bayan shigar ciki, ɗan tayi a shimfiɗe yake kamar faifai, kuma a lokacin ne ƙwayoyin halittarsa ke rabuwa hawa uku. Hawan sama shi ke zama saman fata da ƙwaƙwalwa da laka. Na ƙasa ya zama hanta da shimfiɗar cikin hanji da huhu. Na tsakiya kuwa, wanda ake kira mesodam, daga gare shi ake samun ƙashi, guringuntsi, tsoka, kitse, jijiyoyin jini da zaruruwan da ke ɗaure gaɓoɓi. Duk abin da ke riƙe jiki ya tsaya, uwarsu ɗaya. 'Yan tsirarun da suka fita daga wannan layi su ne ƙasusuwan fuska da ƙwayoyin da ke naɗe jijiyoyin laka, waɗanda suka fito daga wani ayari da ke ɓallewa daga gefen laka tun tana sabuwa.

Dajin da ya taso daga ƙwayoyin shimfiɗa, irin na mama da hanta da bakin mahaifa, shi ne kasinoma. Wanda ya taso daga ƙashi da tsoka da sauran naman da ke riƙe jiki, 'yan gidan mesodam, shi ne sakoma, sunan da aka samo daga kalmar Girkanci mai nufin tsoka. Sakoma ba ta da yawa: kusan kashi 1 cikin 100 na dajin manya, amma a yara ta kai wajen kashi 15. Nau'o'inta sun haura 70.

Ko bayan haihuwa, ba duk ƙwayoyin wannan gida ne suka gama zaɓen sana'a ba. A cikin ɓargo, da tantanin da ya lulluɓe ƙashi, da gefen ƙananan jijiyoyin jini, akwai waɗanda suka rage a matsayin 'yan koyo. Wani masani a Mosko, Alexander Friedenstein, shi ya nuna su a shekarun 1960 zuwa 1970: ya shuka ɓargo a faranti, wasu ƙwayoyi suka manne suka hayayyafa, da aka dasa su a jikin dabba kuma suka gina ƙashi. Abin da ke zaɓar wa ɗan koyo sana'a shi ne umarnin da aka kunna a kundin gadonsa, wato DNA. In aka kunna RUNX2 sai ya zama maginin ƙashi. SOX9 ya kai shi guringuntsi, PPAR-gamma ya kai shi kitse. Ita tsoka tana da nata 'yan koyon, suna kwance a jikin zarenta, umarnin MyoD ke tashe su.

Ƙari yana farawa ne ranar da ƙwaya guda, a kan wannan hanya ta koyo, ta sami lahani a umarnin da ke tsayar da hayayyafa. Duk girman curin da kika gani, zuriyar wannan ƙwaya ɗaya ce. In zuriyar ta ci gaba da nuna har ta kusa kama da nama lafiyayye, ta kuma zauna wuri ɗaya, ƙari ne mara daji. In ta maƙale a ɗanye, tana kutsawa cikin maƙwabta, tana shiga jini, ta zama sakoma. Yawancin sakoma ta jini take tafiya, ba ta cika bi ta kaluluwa ba, shi ya sa huhu ne zangonta na farko, kuma shi ya sa ake ɗaukar hoton CT na ƙirji ko da ciwon a ƙafa yake.

Ga abin da muke so ki riƙe, don littattafai kan ruɗar da ɗalibai a nan: sunan ƙari yana faɗin abin da ya yi kama da shi a madubin likita ne, ba lalle ya faɗi inda ya fito ba. Sinobiyal sakoma an raɗa mata sunan tantanin gaɓa, alhali ba daga shi take fitowa ba, da wuya ma a same ta a cikin gaɓa. Rabdomayosakoma ta yara, wadda ƙwayoyinta ke kwaikwayon tsokar motsi, takan tsiro a mafitsara da magudanar matsarmama, inda babu irin wannan tsoka sam. Lahanin da ya faɗa wa ƙwaya yana iya sauya mata sana'a baki ɗaya.

TAMBAYA: Ɗana mai shekara 15 ya faɗi a wajen ƙwallo, gwiwarsa ta kumbura. Mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya yi ta gyara wata uku, kumburin sai ƙaruwa yake, zafin kuma ya fi tsanani da dare. Yanzu likita ya ce yana zargin ostiyosakoma. Faɗuwar ce ta jawo? Daga wani uba a Katsina.

AMSA: Malam, Allah ya ba yaron lafiya. Faɗuwa ba ta haifar da wannan ciwo. Ƙarin yana nan yana cin ƙashin a ɓoye, faɗuwar ta sa ne aka kai hankali wurin. Kada ka ɗora wa kanka ko yaron laifi.

Ostiyosakoma zuriyar maginan ƙashi ce da suka lalace kafin su ƙware. Shaidarta a madubin likita ita ce ƙwayoyin daji suna zuba ɗanyen ƙashi da kansu, a hargitse. Dubi shekarun ɗanka da wurin da abin ya fito. Kowane dogon ƙashin yaro yana da guringuntsin girma kusa da ƙarshensa. Na ƙasan ƙashin cinya ya fi kowanne sauri, yana ƙara kusan santimita 1 a shekara. Na saman ƙashin ƙwauri da na saman ƙashin damtse suna biye. A ƙarƙashin wannan guringuntsi maginan ƙashi ke hayayyafa ba dare ba rana lokacin balaga, kuma duk rabuwar ƙwaya sai an kwafe DNA gaba ɗaya. Inda kwafi ya yi yawa, nan kuskure ya fi samun ƙofa. Shi ya sa ciwon ya fi kama 'yan shekara 10 zuwa 20, kuma kimanin rabinsa a kewayen gwiwa yake fitowa.

Umarni biyu masu aikin birki ne suka fi lalacewa a cikin wannan ƙwaya. RB1 shi ke hana ta shiga rabuwa kafin lokaci. TP53 shi ke dakatar da ita in DNA ya lalace, in gyara ya gagara ya sa ta kashe kanta. In babu su, kuromosom 46 da ke cikin ƙwaya, wato ƙunshe-ƙunshen da DNA ke naɗe a ciki, sai su yi ta kakkaryewa suna haɗewa a karkace. A yawancin yara lahanin a cikin ƙwayar ƙashin kaɗai ya faru, ba gado ba ne. Kaɗan ne ake haifa da shi: waɗanda suka gaji dajin ido na jarirai, mai sa tsakiyar ido ya yi fari, da iyalan da ke da lalurar Li-Fraumeni, wadda aka bayyana a 1969, inda ake ganin dajin mama da na ƙwaƙwalwa da sakoma a dangi tun suna matasa. In akwai irin wannan a danginku, ku faɗa wa likita. Haske mai ƙona DNA ma yana jawo shi: a Amurka cikin shekarun 1920, 'yan matan da ke fentin agogo da sinadarin radiyam suna lasar bakin burushi, da dama sun kamu da sakomar ƙashi.

Daga yau a daina tausa, a daina ɗaurewa, kada a yi tsaga ko ƙaho a wurin. Ƙashin ya riga ya yi rauni, matsi na iya karya shi, karayar kuma ta watsa ƙwayoyin cikin naman cinya. Tsaga tana buɗe wa ƙarin hanya ya fito waje ya zama gyambon da ba ya warkewa. A ba shi sandunan dogarawa, kada ya ɗora nauyi a ƙafar.

Aikin asibiti a jere yake, kuma jerin yana da muhimmanci. Hoton ƙashi ta gaba da ta gefe tukuna. Sai MRI, hoton da ke nuna cikin ɓargo da nama, na ƙashin cinyar gaba ɗaya, domin wani lokaci akan sami ɗan tsibirin ƙari can sama a ɓargon. Sai CT na ƙirji. Bayan waɗannan ne ake ɗibar nama don gwaji, kuma likitocin da za su yi babbar tiyatar su ya kamata su ɗiba. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da asibitocin koyarwa irin su na Shika a Zariya nan ne ya dace a nufa. In an tabbatar, ana fara kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, na kimanin mako 10, a yi tiyata, a ci gaba da kemo. Jimla wajen wata bakwai. Magungunan su ne doxorubicin, cisplatin da methotrexate mai yawa. Na farko yana taɓa zuciya, na biyu ƙoda da ji, na uku kuma sai inda ake iya auna yawansa a jini, don haka ana gwada waɗannan gaɓoɓi kafin a fara.

Kada ku ce tunda an cire ƙarin a bar kemo. Kafin shekarun 1970, lokacin da yanke ƙafa kaɗai ake yi, waɗanda ke rayuwa ba su kai 20 cikin 100 ba, saboda ƙwayoyin sun riga sun sauka a huhu tun hoto bai iya nuna su. Da kemo da tiyata, in hoto bai nuna yaɗuwa ba, kusan 60 zuwa 70 cikin 100 ke haye shekara biyar. Sau da yawa ana iya ceton ƙafar, a sa ƙarfe a madadin ƙashin da aka cire. In ƙarin ya naɗe manyan jijiyoyi har likitoci suka ce sai an yanke, muna roƙonka kada ka gudu da yaron gida. Wannan gudun yana cin rayukan yara a wannan ciwo a wajenmu.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara 11 ƙwaurinta ya kumbura, ga zazzaɓi. An ce ƙwayar cuta ce ta shiga ƙashi, an yi wata biyu ana ba ta magani ba sauƙi. Wani likita ya ambaci sakomar Ewing. Mece ce ita? Daga wata uwa a Damagaram.

AMSA: Hajiya, a ƙasashenmu yaro mai kumburin ƙashi da zazzaɓi, mafi yawa ƙwayar cuta ce, musamman in mai sikila ne, wani lokaci kuma tarin fuka ne ya sauka a ƙashi. Sakomar Ewing ta yi ƙaranci ƙwarai a baƙar fata, Turawa sun ninka mu kusan sau goma a kamuwa da ita. Duk da haka likitan ya yi daidai da ya kawo ta, domin tana kwaikwayon ciwon ƙwayar cuta: zazzaɓi, zafi, gwajin jini mai nuna kumburi, har ruwan da ke fita daga cikinta kan yi kama da mugunya. Ƙa'idar ita ce, duk abin da aka ɗebo daga ƙashi a raba shi biyu, rabi a shuka a nemi ƙwayar cuta, rabi a kai gwajin nama. Wata biyu ba sauƙi ya isa dalilin yin haka.

James Ewing ya bayyana ta a birnin New York a 1921, yana zaton daga jijiyoyin jinin ƙashi take. A madubin likita ƙananan ƙwayoyi ne kewayayyu cunkus, ba sa gina komai, don haka kamanninsu ba ya nuna asalinsu. A 1983 aka gano cewa kuromosom na 11 da na 22 sun karye sun yi musayar guntaye, a 1992 kuma masana a Faris suka gano umarnin biyu da suka haɗe a wurin karayar, EWSR1 da FLI1. Ana samun wannan haɗi a kusan kashi 85 cikin 100. Saɓanin ostiyosakoma da kundinta ya wargaje duka, a nan kuskure ɗaya ne tak, amma yana kunna ɗaruruwan umarnin da ya kamata su kasance a kashe. In aka cusa shi cikin yawancin ƙwayoyin jiki mutuwa suke yi. Masu iya ɗaukarsa su rayu kaɗan ne, daga ciki akwai 'yan koyon ɓargo da zuriyar ayarin nan na gefen laka, kuma a kan waɗannan biyu masana suka rabu game da asalinta. Iyaye ba sa gadar da wannan haɗi. Tana jin kemo, tana kuma jin gashin haske fiye da ostiyosakoma.

TAMBAYA: Shekara shida ina da curi mai laushi a bayana, ba ya ciwo. Ƙanena kuma nasa a cinya yake, wata biyar da fitowa, har ya fi lemo girma. Wani ƙaramin asibiti ya ce zai cire mana duka a rana ɗaya. Curin kitse yana rikiɗa ya zama daji? Daga wani magidanci a Kumasi.

AMSA: Alhaji, naka da na ƙanenka kada a haɗa su. Naka ya yi kama da lifoma, tarin ƙwayoyin kitse da suka nuna sarai, suna ƙarƙashin fata, suna zamewa in an taɓa. Curi mara daji a cikin nama ya ninka mai daji wajen sau 100. Lifoma ba ta rikiɗa ta zama lifosakoma. Ita lifosakoma tun farko da nata lahanin take tasowa. Nau'inta da ya fi yawa yana ɗauke da kwafi barkatai na wani yanki na kuromosom na 12, inda umarnin MDM2 yake, shi kuwa MDM2 aikinsa danne TP53. Wannan nau'in a ido da a hannu kamar lifoma yake, gwajin MDM2 ke raba su.

Na ƙanenka shi ne abin damuwa. Alamomin da muke dubawa: curi ya kai santimita 5, wato tsawon ƙwan kaza, yana ƙaruwa, yana can cikin tsoka, in ya ɗaure cinyar sai curin ya ƙi motsi, ko an taɓa cire shi ya dawo. Ko ɗaya aka samu, a ɗauke shi a matsayin sakoma har sai gwaji ya wanke shi. Rashin ciwo kada ya kwantar muku da hankali, yawancin sakomar nama ba ta ciwo da farko.

Kada a cire shi kafin a san mene ne. Sakoma tana da wata yana a kewaye da ke sa ta ɓantaro sumul kamar dafaffen ƙwai daga ɓawo, mai fiɗa ya ga kamar ya gama aiki. Alhali yanar nan ƙwayoyin ƙarin ne da suka matsu, kuma akwai wasu a wajenta. Duk inda wuƙa ta bi da inda jini ya kwarara ya gurɓata, tiyata ta biyu sai ta kwashe wannan duka, wani lokaci abin da da za a cire a bar ƙafa ya koma yankewa. Hanyar da ta dace: MRI tukuna, sannan a soka allura mai kaurin milimita 2 a ciro sillen nama uku ko fiye daga ɓangaren da ke raye, ana kauce wa tsakiyar da ta ruɓe. Ana zaɓar inda allurar za ta bi yadda za a yanke hanyar tare da ƙarin ranar tiyata. In dole sai an tsaga, a tsaga bisa tsawon ƙafa, kada a gitta. Ranar cirewa kuma ana haɗawa da lafiyayyen nama a kowane gefe, ba a ma son ganin fuskar ƙarin.

Wani abu da ya shafe mu baƙar fata: akwai sakomar fata mai suna DFSP da ke kama da tabo mai tudu, ta yi shekaru tana faɗaɗa a ƙirji ko baya. Tabon da ya fito ba tare da rauni ba, yana fitar da ƙulalai, a gwada shi kafin a fara yi masa allurar rage tabo.

TAMBAYA: Shekarata 28. An kankare ƙari a ƙashin wuyan hannuna, takardar gwaji ta ce akwai manyan ƙwayoyi masu cibiya da yawa. Su ne dajin? Daga wata malamar makaranta a Gombe.

AMSA: Malama, ba su ba ne. Wannan ƙari ana kiransa da sunan waɗannan ƙattin ƙwayoyi, amma su 'yan ƙodago ne aka ɗauko. Ƙashi lafiyayye yana da magina da marusa. Marusan daga gidan jini suke, dangin fararen ƙwayoyin jini ne da ke haɗewa su zama ƙwaya ɗaya mai cibiya da yawa (cibiya ita ce ɗakin da DNA ke zaune a cikin ƙwaya), aikinsu narkar da tsohon ƙashi. Masu laifin su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsakaninsu, 'yan koyon ginin ƙashi da suka sami lahani a umarnin H3F3A. An gano wannan a 2013, kuma yana cikin fiye da kashi 90 na irin wannan ƙari. Suna fitar da sinadarin RANKL, wanda ke kiran marusa, su kuma su yi ta cin ƙashin.

Yakan fito tsakanin shekara 20 da 45, a ƙarshen ƙashi dab da gaɓa, kuma wuyan hannu na cikin wuraren da ya fi yawan dawowa. Shi ya sa kankara kaɗai ba ta isa: ana bin bangon ramin da injin gurza, a cike da simintin ƙashi ko dashen ƙashi. Ki riƙa zuwa hoton hannun a kai a kai, musamman shekara biyu zuwa uku na farko, tare da hoton ƙirji, domin a 'yan kaɗan yakan je huhu. Allurar denosumab tana toshe RANKL, marusa su watse, amma ba ta kashe masu kiransu, don haka in an daina yakan farfaɗo. Mai ciki ba ta yin ta. A kuma auna sinadarin kalsiyam a jininki, domin yawan aikin halittar faratayirod da ke wuya yana haifar da rami a ƙashi mai kama da wannan sak.

TAMBAYA: Ƙarin mahaifa yana zama daji in an bar shi? Daga wata baiwar Allah a Maraɗi.

AMSA: Hajiya, ƙarin mahaifa da aka fi sani daga ƙwayar tsokar bangon mahaifa yake, kowane curi daga ƙwaya ɗaya, kuma ya fi yawa a matan baƙar fata. Sakomar wannan tsoka ciwo ne daban da ba kasafai ake ganinsa ba, tana tasowa da nata lahanin. Wanda za a binciki da gaggawa shi ne ƙarin da ke girma ko zubar da jini bayan ɗaukewar al'ada.

TAMBAYA: Mahaifinmu mai shekara 66 hoto ya nuna daji a ƙashin bayansa, amma likita sai gwajin furostet yake yi. Me ya haɗa su? Daga Yola.

AMSA: Malam, bayan shekara 40, dajin da aka gani a ƙashi galibi baƙo ne. Ƙwayoyin kasinoma ne suka taso daga furostet (wata halittar maza da ke ƙarƙashin mafitsara), mama, huhu, ƙoda ko tayirod, suka bi jini suka sauka a ɓargo. Na furostet ko a ƙashi yake, ƙwayar furostet ce, kuma maganin da ke rage sinadarin maza shi take ji. Na biyu da ake nema shi ne mayaloma, dajin ƙwayoyin ɓargo masu ƙera garkuwar jiki, mai huda ƙashi rami-rami. Dajin da asalinsa na ƙashi ne a wannan shekaru yawanci na guringuntsi ne, a ƙugu ko kafaɗa ko saman cinya. Ba ya jin kemo ko gashi sosai, tiyata ce maganinsa. In Baba ya fara jin ƙafafu sun yi nauyi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba, a kai shi asibiti a ranar, alamar laka ta matsu ce.

TAMBAYA: Ina aiki a ɗakin tiyata. Me ya sa sakamakon irin wannan nama ke daɗewa, wani lokaci ma a ce a sake ɗiba? Daga wani ma'aikacin jinya a Zariya.

AMSA: Malam, rabin matsalar tana hannunku ne kafin naman ya iso ɗakin gwaji. A sa shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 nan take, ruwan ya ninka naman aƙalla sau goma, a mazubi mai faɗin baki. Ruwan gishirin ƙarin ruwa ba ya adana nama. Fomalin yana ratsawa ne a hankali, kusan milimita 1 a awa, don haka babban curi in ba a tsattsaga shi ba tsakiyarsa ruɓewa take yi. A kai shi da wuri likitan gwaji ya shafa wa gefunansa tawada kafin ya tsaga, don a san ko an cire da tazara. A rubuta shekarun mara lafiya da ainihin wurin, a haɗa da hoton. Likitan gwaji ba ya yanke hukunci a kan ƙarin ƙashi bai ga hoto ba: sabon ƙashin da ke haɗe karaya yana iya kama da ostiyosakoma a madubi.

Ƙashi sai an narkar da ƙarfinsa kafin ya yanku, wannan kan ci kwanaki. Asid mai ƙarfi yana da sauri amma yana lalata DNA, gwajin haɗewar umarni ya ƙi yiwuwa. Sinadarin EDTA ya fi jinkiri amma yana kiyaye shi, kuma in akwai ɓangare mai laushi a ware shi kada a sa masa asid. Daga nan sai rini na musamman da ke tambayar ƙwaya sana'arta: desmin da myogenin na nuna tsokar motsi, SOX10 da S100 ƙwayoyin naɗe jijiya, SATB2 maginan ƙashi, CD99 yana goyon bayan Ewing ko da yake shi kaɗai ba ya tabbatarwa, cytokeratin kuma yana karkata zuwa kasinoma.

Wannan jira yana da riba. Akwai sakomar tumbi da hanji mai suna GIST da aka daɗe ana lissafa ta cikin ƙarin tsokar hanji, kemo kuma ba ya yi mata komai. A 1998 masana a Japan suka nuna cewa danginta su ne ƙwayoyin Cajal, masu kaɗa wa hanji gangar motsi, kuma umarnin KIT ne ya maƙale a kunne. Zuwa 2002 an amince da maganin imatinib mai toshe KIT, miligiram 400 a rana, mutanen da ciwon ya yaɗu a cikinsu suka koma rayuwa shekaru. Rinin CD117 da DOG1 ke nuna ta, kuma duka biyun suna iya ba da amsar ƙarya in naman ya kwana a tebur ba a sa shi a fomalin ba.